Kifin Da Ba Ya Haihuwa: Wa Zai Riƙe Wa Masuntan Gobir Iri?

Idan mutum ya zauna da dattawan Sabon Birni ko na Isa ya tambaye su yadda kifi yake a wannan yanki shekaru talatin ko arba'in da suka shige, za su ba shi labarin da zai zaci ƙari suke yi. Da zarar ruwan Gulbin Rima ya ja da baya bayan damina, sai ya bar tafkuna da fadamu cike da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, a yi ta jiran ranar da Sarkin Ruwa zai ba da izinin su, maza su faɗa ruwa da homa da gora, mata su hura wutar banda. A wancan zamani ba wanda ya taɓa tambayar inda 'ya'yan kifi suke fitowa. Ruwa ya kawo su, ruwa kuma zai sake kawo su baɗi.

Yau kuwa ba sai mun gaya wa masu karatu halin da ake ciki ba. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari guda. A watan Disamba na 2021 an ƙone matafiya da ransu a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutane sun ƙetare iyaka zuwa jihar Maraɗi, waɗansu sun taru a Isa, da Sabon Birni, da Sakkwato. Sana'ar masunci ta dare ce da asuba, a wurin da ba kowa, watau daidai lokaci da wurin da mai hankali ba ya zuwa yanzu.

Saboda haka ne shawarar kiwon kifi a cikin gari take ƙara ƙarfi. Ana cewa tun da masunci ba ya iya zuwa wurin kifi, to, a kawo masa kifi bayan ɗaki, a kududdufin siminti ko na tamfol. Gwamnatin Tarayya ma tana da nata dalilin: alƙalumanta sun daɗe suna nuna cewa ƙasar nan tana bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuwa bai wuce sulusin wannan da yawa ba, shi ya sa daskararren kifin waje ya cika kasuwanninmu. Ba mu ƙi wannan shawara ba. Wanda ya rasa gona da ruwa, kowace ƙofa aka nuna masa alheri ce. Sai dai akwai abu guda da masu ba da shawarar ba su cika faɗi ba, shi ne kifin kududdufi ba ya zuwa da kansa. Sayen 'ya'yansa ake yi. Su kuwa 'ya'yan nan, ko za su zama maza ko mata, ko za su haihu ko ba za su haihu ba, yau a ɗakunan binciken masana ake ƙara yanke wannan hukunci, nesa ƙwarai da Gobir.

Bari mu fara da tarwaɗa, gama ita ce kifin da aka fi kiwo a Nijeriya, har ma ƙasarmu ce kan gaba a duniya wajen kiwon irin wannan tarwaɗa ta Afirka. A gulbi, tarwaɗa tana jiran ruwan farko ya hau kan ciyawar fadama kafin ta saki ƙwai. A cikin siminti ba fadama, ba ambaliya, don haka ƙwan yakan nuna a cikinta amma ba ta sakinsa. Sai mai ƙyanƙyasa ya yi wa macen allurar wani sinadari mai motsa jiki, irin wanda ake sayarwa da sunan Ovaprim, kimanin rabin mililita ga kowane kilo na nauyinta. Bayan 'yan sa'o'i sai a matse cikinta ƙwan ya zubo a kwano. Namijin kuwa ba ya matsuwa. Yawanci yanka shi ake yi a ciro marainansa a tatse a kan ƙwan. Idan ruwa yana da ɗumi, cikin kwana guda ko ɗan abin da ya fi haka sai ƙwan ya ƙyanƙyashe.

A lura da wannan batu na yanka namiji, domin daga nan ne wata ɓarna take shigowa a hankali. Kowane zagaye ana rasa uba. Mai ƙaramin jari ba ya iya tafiya nesa neman wani, sai ya duba cikin 'ya'yan da ya ƙyanƙyashe bara ya ɗauki namiji da mace, wa da ƙanwa ke nan. Shekara kaɗan sai a fara ganin kifi mai karkataccen baya, ko wanda yake cin abinci ba ya girma, ko wanda yake mutuwa da yawa tun yana ƙarami. Makiyayin shanu ya san wannan ba tare da ya shiga makaranta ba, shi ya sa yake musayar bajimi da maƙwabcinsa. Mai sayen 'ya'yan kifi a cikin jarka, waɗanda suka kwana a mota daga Kano ko Kaduna ko Ibadan, ba shi da hanyar sanin su wane ne iyayensu. Sai ya ƙare wata huɗu yana zuba abinci, abincin da shi ne ya fi rabin kuɗin kiwon duka, kafin ya gane an sayar masa da wahala.

Akwai kuma haɗin tarwaɗa da ramboshi, wanda aka daɗe ana yi a ƙasar nan, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa kusa da madatsar Kainji ma ta yi aiki a kansa. Ɗan da aka samu yana da saurin girma da jimiri. Za mu komo kansa.

Matsalar karfasa, wadda a nan ƙasar Sakkwato da yawa suke kira gargaza, akasin ta tarwaɗa ce. Ita ba ta bukatar allura, haihuwarta ce ta yi yawa. Tun tana 'yar ƙarama take soma ƙwai, macen kuma a bakinta take riƙe ƙwan har ya ƙyanƙyashe, kusan mako biyu ba ta cin abinci. Don haka namiji yakan fi ta girma nesa ba kusa ba. Mun ga wannan da idonmu sa'ad da matasan wata ikkilisiya suka haƙa rami, suka zuba karfasar da suka kamo daga gulbi, suna lissafin ribar da za su gyara rufin majami'a da ita. Bayan wata bakwai aka janye ruwa. Kifi kam ya yi yawa, ba ya ƙirguwa, amma da ƙyar aka sami wanda ya kai tafin hannu. Abincin da aka saya domin kifi ɗari uku, dubbai ne suka raba shi. Ba wanda ya cuce su. Rashin sani ne kawai.

Maganin da masu kiwo suka samo tun da daɗewa shi ne a yi kiwon maza zalla. Ta yaya? Karfasa, kamar mutum, tana da alamar jinsi a cikin ƙwayoyin gadonta: mace tana ɗauke da abin da masana suke rubutawa XX, namiji kuwa XY. Amma ba kamar mutum ba, a makonnin farko na rayuwar ɗan kifi ana iya juya al'amarin. Idan aka gauraya wani sinadarin maza cikin abincinsu, kimanin miligiram 60 ga kilo guda na abinci, aka ba su na tsawon mako uku zuwa huɗu, to, har waɗanda aka halitta mata sai su girma da jikin maza. Wannan ita ce hanyar da ta fi yaɗuwa a duniya, saboda arha gare ta.

A nan ne ya kamata mu tsaya a kan wata jita-jita da muke ji a tasha da wurin masu shayi, cewa wai kifin kiwo kifin allura ne, yana rage wa namiji ƙarfi ko ya hana haihuwa. Bai kamata a yi wasa da irin wannan magana a Arewa ba. Muna tuna abin da ya faru a 2003, sa'ad da irin wannan tsoro ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da waɗansu jihohi, yara da yawa suka shanye a banza. Gaskiyar maganar ita ce, allurar tarwaɗa uwa ake yi wa domin ta saki ƙwai, ba 'ya'yan da za a ci bayan wata biyar ko shida ba. Sinadarin karfasa kuma tun tana ƙasa da ɗan yatsa ake daina ba ta, ya kuwa fita daga jikinta tun da sauran watanni kafin ta isa kasuwa. Inda haɗarin yake shi ne ga yaron da yake gauraya garin da hannu ba safa, da kuma ruwan da ake zubarwa a lambatu bayan an gama. Saboda irin wannan ne waɗansu ƙasashe suka hana amfani da shi, masana kuma suka shiga neman hanyar da ba ta bukatar sinadari a bakin kifin da za a ci.

Hanya ta farko da ta yi suna ita ce wadda Jami'ar Swansea ta ƙasar Birtaniya ta yi aiki a kanta tare da wata jami'a a tsibirin Luzon na ƙasar Filifin, a shekarun 1990. Dabarar tana da ɗan sarƙaƙiya, amma mai haƙuri zai gane ta. Sai a ɗauki ɗan kifi mai XY, watau namiji, a juya shi ya zama mace mai yin ƙwai. A haɗa ta da namiji na sosai, shi ma XY. Cikin 'ya'yansu, kashi ɗaya cikin huɗu za su fito da YY, abin da ba a saba gani a gulbi ba. Wannan YY ɗin shi ne ake nema, gama duk macen da aka haɗa shi da ita, ba shi da abin da zai ba 'ya'yansa sai Y, don haka kusan dukansu maza za su fito, ba tare da an ba su kome ba. Wahalar a da ita ce gane wane ne YY cikin taron, tun da ido ba ya rarrabewa. Sai an bar kowane ya haihu an ƙirga 'ya'yansa, aikin shekaru.

Binciken ƙwayoyin gado ne ya gajarta wannan tafiya. A 2002 masana a Japan suka gano ƙwayar da take mai da wani ƙaramin kifin gonar shinkafa namiji. A 2012 masana a Faransa suka gano ta wani kifin ruwan sanyi da Turawa suke kiwo, sai ga shi ba iri ɗaya ba ce da ta farkon. A 2015 masana a birnin Chongqing na ƙasar Sin suka nuna ta karfasa: suka yi amfani da dabarar nan da ake kira CRISPR, wadda take kamar almakashi mai yanke ƙwayar gado guda a bar sauran, suka lalata wannan ƙwaya a jikin 'ya'yan kifi masu XY, sai suka girma mata. Tun daga nan, a irin karfasar da wannan alama take aiki a kanta, ɗan guntun fiffike ya isa a gwada a san ko kifi XX ne, ko XY, ko YY. Abin da ya ba masana mamaki, mu kuwa ya ƙara mana tsoron Allah, shi ne kusan kowane dangin kifi da nasa mabuɗi dabam. Ba a halicce su da kwafi ɗaya ba.

Wani sashe na binciken nan ya shafe mu fiye da kowa, domin maganar zafi ce. Tun a 1995 masanan Faransa suka nuna cewa idan aka ajiye 'ya'yan karfasa cikin ruwa mai zafin digiri 36 na wajen kwana goma a farkon rayuwarsu, da yawa daga cikin masu XX sukan zama maza. Daga baya masana daga Burkina Faso da Beljiyam suka ga irin wannan a tarwaɗa, a Burkina Faso ɗin kuma aka sami karfasar daji waɗanda jikinsu ya saɓa da alamar gadonsu. To, mu da muke ƙasar da zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, wannan labari yana da fuska biyu. Ta fari, mai yiwuwa ne rana da muke kuka da ita ta yi mana aikin da waɗansu suke sayen sinadari domin shi, ko da yake ba kowane dangin karfasa yake amsa zafi daidai ba, sai an zaɓa. Ta biyu, tafkin fadama da ya ƙafe saura idon sawu a bazara, ruwansa yana iya kai wannan zafi, wanda ke nufin canjin yanayi yana iya taɓa yawan matan da za su yi ƙwai. Wannan tambaya ce da ta dace da sashen nazarin kifi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, gama ba Bafaranshe ne zai zo ya auna tafkunan Isa ba.

Mataki na gaba da maza zalla shi ne kifin da ba ya haihuwa ko kaɗan. Tsohuwar hanya ita ce a tsoma ƙwai cikin ruwa mai sanyi ƙwarai jim kaɗan bayan an haɗa shi da ruwan namiji, sai ɗan ya fito da rukunin gado uku maimakon biyu, ya zama juya. Sabuwar hanya kuwa, a 2016 wata cibiyar bincike a birnin Bergen na ƙasar Norwe ta yanke ƙwayar gado guda a kifin da ake kira salmon, aka sami kifi lafiyayye wanda ba shi da tushen ƙwai ko na ruwan namiji. Japan ta yarda a sayar da kifin da aka gyara wa ƙwayoyin gado tun 2021. A Amurka an amince da wani salmon da aka sa wa ƙwayar wani kifi dabam a 2015, amma kamfanin ya rufe aikin kiwonsa a ƙarshen 2024. A nan gida an kafa hukumar kula da irin waɗannan halittu da dokar 2015, aka faɗaɗa dokar a 2019 ta haɗa da gyaran ƙwayoyin gado. Waken nan da aka gyara a Samaru ta Zariya domin ya jure wa tsutsa ya sami izini a 2019, a 2024 kuma Majalisar Wakilai ta tayar da muhawara a kan dukan al'amarin. Abin da ya iso gona zai iso kududdufi, ko ba jima ko ba daɗe.

'Yan'uwa da dama sun tambaye mu ko wannan ba shiga hurumin Mahalicci ba ne. Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa masu bi kaɗai suke yin ta ba, maƙwabtanmu Musulmi ma suna yi. Mai karanta sura ta fari ta Littafin Farawa zai lura cewa albarka ta farko da aka ambata a cikin Littafi Mai Tsarki, halittun ruwa da tsuntsaye aka sa wa, albarkar kuwa ta hayayyafa ce. Don haka wanda ya ji zuciyarsa ta ƙi kifin da aka hana haihuwa, ba wauta yake yi ba. A Littafin Firistoci sura 19 ma an hana Isra'ilawa haɗa dabbobi iri biyu. Amma kuma mun karanta cewa a kan alfadarin Dawuda aka hau da Sulemanu ranar naɗinsa, alfadari kuwa ɗan jaki da goɗiya ne, ba ya haihuwa. Mu kanmu muna dandaƙe sa domin ya yi ƙiba ya ja garma, muna yi wa mangwaro aure, ba wanda ya ce mun yi saɓo. A ganinmu, an ba mutum izinin sarrafa dabba, amma a matsayin mai riƙon amana, wanda za a tambaya. Tambayar da ta fi ƙarfi ita ce, wa zai amfana, wa zai cutu, an kuwa gaya wa mai saye gaskiya?

Idan aka bi ta wannan ma'auni, sai mu ga akwai hujja babba a wajen kifin da ba ya haihuwa, hujjar kuwa ita ce gulbin kansa. Kududdufin da aka haƙa a fadama, wata rana ruwa zai hau kansa. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010, sa'ad da ruwa ya ɓalle daga madatsar Goronyo, ba sa bukatar bayani. Kifin da ya tsere ba ya tsayawa a shingen kwastan. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya komo Nijeriya ya haɗu da Rima a nan ƙasar Gobir. Bunsuru da Gagare su ma nan suke zubowa. Daga nan ruwan ya wuce Goronyo, da Wurno, da Sakkwato, da Argungu, har Kwara. Ɗan tarwaɗa da ramboshi da muka ambata, ba a iya cewa kowanensu juya ne, waɗansu suna haihuwa. Idan irin wannan, ko tarwaɗar da auren dangi ya raunana, suka cakuɗa da ta gulbi, wa zai sake raba su? Tarwaɗarmu da aka kai Asiya ta yi ɓarna har Indiya da Bangaladash suka hana kiwonta. Kifin da ba ya haihuwa, in ya tsere, zai yi kwanansa ya mutu shi kaɗai.

Amma ga ɗaya gefen, wanda shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami. A sura 47 ta Littafin Farawa, sa'ad da yunwa ta yi tsanani a Masar, mutane sun ba da kuɗinsu, suka ba da dabbobinsu, a ƙarshe suka zo suna roƙon iri, suka miƙa gonakinsu da kansu a bakinsa, daga ranar kuma kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona ya zama na Fir'auna. Wanda ya riƙe iri ya riƙe mai shuka. Manomin gero a Gobir, kome talaucinsa, yana rataye zangarniya mafi kyau a rumbu domin baɗi. Mai kiwon maza zalla, ko na juya, ba shi da abin ratayewa. Kowane wata shida sai ya koma wurin mai YY, ko mai na'urar gwaji, ya biya abin da aka yanka masa. A Legas ko Ibadan wannan ciniki ne kawai, gama masu ƙyanƙyasa suna da yawa, in wannan ya tsawwala sai a je wurin wancan. A Isa da Sabon Birni kuwa, inda hanyar Sakkwato da ta Shinkafi sukan zama abin addu'a kafin a hau, inda aka rufe iyakar Nijar daga Agustan 2023 har Maris na 2024, mako guda na rufewar hanya ya isa ya bar kududdufi fanko, da bashi a kai. Mutumin da 'yan bindiga suka raba da gulbi, kada mu mai da shi ɗan haya a bayan ɗakinsa.

Labarin karfasar da ake kira GIFT ya isa misali. A 1988 aka fara aikinta a Filifin, aka tattaro karfasar daji daga Masar, da Gana, da Kenya, da Senegal, aka haɗa da waɗanda ake kiwo a Asiya. Ba a yanke ƙwayar kowa ba, zaɓe kawai aka yi ta yi, a ɗauki masu saurin girma a haɗa su, har bayan zuriya biyar girmanta ya ƙaru da kashi 85 cikin ɗari. Manoman Asiya sun ci moriyarta shekara da shekaru. Sai a 2022 aka sa hannu kan yarjejeniyar kawo ta Nijeriya, ta hannun wani kamfani a kudu maso yamma. Kifin Afirka ne, ya tafi karatu ƙasar waje, ya komo sai da takardar izini. Ba mu ga laifin waɗanda suka yi aikin ba, sun yi abin da mu ba mu yi ba. Kifi na ganinka, mai jar koma: tarwaɗar da take rayuwa a tafkunan Gobir, mai jure zafi da ƙarancin ruwa, ita ma dukiya ce da wani zai zo nema wata rana.

Saboda haka, duk wanda zai kawo shirin kiwon kifi a wannan yanki, ko gwamnatin jiha ce, ko ƙungiyar agaji, ko ikkilisiya, muna roƙon ya fara da wurin ƙyanƙyasa kafin rabon tamfol. Madatsar Goronyo tana nan da ruwa, tana kusa, an kuwa kashe dukiyar jama'a an gina ta tun 1984. Wurin ƙyanƙyasa na jama'a a can ko a Sakkwato, wanda jami'a take sa wa ido, yana ajiye iyayen kifi daga dangi dabam dabam na Rima, yana rubuta wa ya haifi wa, zai fi amfani da motoci goma na 'ya'yan kifin da ba a san asalinsu ba. A koya wa 'ya'yan masunta yin allura da tatsar ƙwai. Aiki ne na hannu da lura, wanda ya iya saƙa koma ba zai gagare shi ba. Mai sayarwa kuma a tilasta masa ya faɗa a rubuce: wannan tarwaɗa ce zalla ko haɗi ce, wannan karfasa da sinadari aka juya ta, ko da zafi, ko 'yar YY ce, tana haihuwa ko ba ta haihuwa. Idan kududdufin yana bakin fadama, a ba shi maza zalla ko juya domin a tsare gulbi. Idan a tsakiyar gari yake, a bar masa zaɓi.

Sarakunan ruwa ma bai kamata a tsallake su ba. Su ne tun kaka da kakanni suke hana su a lokacin da kifi yake ƙwai, su suka san tafkin da ba ya ƙafewa, da wanda ramboshi yake kwana a ciki. Da yawansu yanzu suna zaune a gari ba aikin yi. Idan za a tattaro iyayen kifi daga Rima da Bunsuru, su za a tambaya inda za a jefa koma, a kuma biya su ladan saninsu. Lokacin yin haka shi ne bayan damina, sa'ad da ruwa ya fara ja, kafin sanyin hunturu ya sa tarwaɗa ta daina yin ƙwai, in an sami rakiyar jami'an tsaro zuwa bakin ruwa.